Tambayoyi da amsoshi kan tara tsofaffin alƙaluma, kurtun tawada da kayan teburin akawu

Abin ya samo asali ne daga akwatin ƙarfe na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi aikin akawu a En'e. Da aka buɗe shi bayan sadakar arba'in, 'yan'uwa suka ɗebi riguna da huluna, ni kuma aka bar mini abin da ba wanda ya so: alƙalami baƙi mai murfin ƙarfe, kwalbar tawada da ta bushe ta zama kamar kwalta, hatimin roba da ya tsattsage, da guntun fensir wanda bai kai ɗan yatsa ba. Tun daga lokacin nake bin waɗannan kaya, kuma tun daga lokacin mutane ke yi mini tambayoyi, wasu don suna son shiga harkar, wasu don su tabbatar ko lafiyata ƙalau. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Wai me ake tarawa, kuma sai abu ya shekara nawa ake ce masa tsoho?

Dillalan kayan da a Turai da Amurka sun ɗauki shekara 100 a matsayin iyaka. Abin da bai kai haka ba suna ce masa na da, ba su ce masa tsohon tarihi ba. Mu nan wannan iyakar ba ta dame mu sosai ba, sai a wajen doka, kuma zan zo kanta.

Kayan gida biyu ne. Akwai na zaure: alƙalamin kara, kurtun tawada, allo, wuƙar fiƙa, gafaka da tadarishi. Akwai na ofis, waɗanda suka shigo da Bature: alƙalamin tsomawa mai bakin ƙarfe, alƙalami mai shan tawada, kwalaben tawada, takardar shanye tawada da ɗan katakon da ake naɗa ta, abin danne takarda, wuƙar buɗe ambulan, hatimi, ƙararrawar kiran masinja, har zuwa tafireta. Yawancin masu farawa na ofis ɗin suke hange, saboda shi ke da suna da ƙyalli. Ni a ganina na zauren ne ke cikin haɗari. Alƙalamin Parker an yi miliyoyinsa, akwai littattafai a kansa, akwai masu gyara shi a ƙasashe da dama. Kurtun kakanka kuwa guda ɗaya ne a duniya, kuma ranar da aka share ɗakin, bola za a kai shi.

Alƙalamin kara kuma har abin adanawa ne? Ai kowane almajiri na fiƙe nasa.

Shi ya sa ba a ajiye shi, shi ya sa kuma da wuya ka sami tsoho. Ana yinsa da karan gamba ko sillen karan dawa, a fere gefe ɗaya, a tsaga bakin kaɗan don tawada ta bi, sannan a datse tsinin a karkace. A wannan datsar hannun marubuci yake. Mai rubutun Kano, mai kauri da cika ido, bakin alƙalaminsa da faɗi. Wanda zai sa wasali da jar tawada yana da wani siriri daban, haka wanda zai ɗiga hamza da rawaya. Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka ba ya zama da alƙalami ɗaya, dami gare shi, kowanne da aikinsa. In ka sami irin wannan damin a ɗaure yadda mai shi ya bar shi, kada ka kwance ka jera su bisa tsawo don su yi kyau a hoto. Yadda aka ɗaure su ma labari ne.

Ga inda gizo ke saƙar: alƙalamin kara ba shi da tambarin kamfani, ba shi da lamba. Na shekara 80 da na bara, in dukansu sun sha tawada, da wuya ido ya raba su. Darajarsa duk tana cikin sanin na wane ne. Saboda haka ranar da ya shigo hannunka, kafin ka kwanta, ka rubuta a 'yar takarda: wa ya ba ka, na wane malami ne, a wane gari da wace unguwa ya zauna, me ya rubuta da shi, yaushe ya rasu in an sani. Ka sa takardar tare da abin. Na taɓa yin sakaci da wannan. Wata dattijuwa ta ba ni alƙaluma uku na mijinta, ta ba ni labarinsa tiryan-tiryan, na ce ai ba zan manta ba. Yau ita ta rasu, ni kuma sunan garin da ya yi karatu ya ɓace mini, alƙaluman sun koma kara uku.

Na sami tsohon kurtu, cikinsa duk busasshiyar tawada. In wanke shi?

A'a. Busasshiyar tawadar nan ita ce shaidar an yi aiki da shi, kuma ita ke faɗin irin aikin. Tawadarmu iri biyu ce a dunƙule. Akwai ta zuge, wadda ake yi da gawayin itace a haɗa da ƙaro. Ita ce ta allo, domin ba ta kama katako, ruwa na taɓa ta take fita, kuma ita ake wankewa a sha. Sai yambar, wadda ake jiƙa bagaruwa da ƙarfe ko kashin maƙera, a sa ƙaro. Wannan ta takarda ce. Da farko takan fito fari-fari, sai ta sha iska ta yi duhu ta kama, ba ta wankuwa. Kurtun da ya sha zuge cikinsa baƙi ne mai gari-gari, wanda ya sha yambar yakan yi ja-ja kamar tsatsa.

Abin sha'awa, hikimar yambar ita ce dai ta tawadar da Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu da ita, sai dai su wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen oak suke sa wa a maimakon bagaruwa. Aibinsu ma ɗaya: in ƙarfen ya yi yawa, a hankali tawadar ke cin takarda. Shi ya sa za ka ga tsohon littafi da haruffa sun huje, kamar an bi su da allura mai zafi.

Kurtun duma abu ne mai rauni, musamman in an rufe shi da fata an yi masa maratayi. Ka kaɗe ƙurar da burushi mai laushi, shi ke nan. Kada ka shafa masa mai.

Ana ta maganar takarda mai wata uku. Mece ce?

Ɗaga warƙar tsohon littafin rubutun hannu ka kalli haske ta cikinta. Sau da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere, daga babba zuwa ƙarami, a cikin jikin takardar, ba bugawa aka yi a kai ba. Takardar ƙasar Italiya ce, daga yankin Benis, an yi ta don kasuwannin Musulmi, ta bi ta Tarabulus da Alƙahira ta ƙetaro Sahara a bayan raƙuma. Wani lokaci za ka ga fuskar wata a cikin garkuwa, da haruffan AG, wato masana'antar Andrea Galvani ta garin Pordenone. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya lissafa wannan takarda cikin hajar da ake shigowa da ita da yawa, har ya ce ana naɗe tufafi da ita.

Sai dai kada ganin watan ya sa ka yanke shekara. An daɗe ana yin irin wannan takarda, har cikin ƙarni na 20, kuma malami kan ajiye takarda shekaru kafin ya taɓa ta. Watan yana gaya maka daga ina ta fito, ba ranar da aka yi rubutun ba.

Tunda an zo nan, sunayen kayan ma da ayari suka zo. Alƙalami da allo daga Larabci suke, tawada daga kalmar Larabci ta gidan tawada, amma ta biyo ta bakin Buzaye, haka takarda. Biro kuwa sunan mutum ne.

An kawo mini warƙoƙin wani littafi na rubutun hannu, ana sayarwa ɗai-ɗai. In saya?

Kada ka saya. Littattafanmu ba ɗinka su ake yi ba, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, a zura a gafaka. Wannan ya sa raba su ke da sauƙi, kuma dillalin da ya gane cewa warƙa mai zayyana ta fi kuɗi ita kaɗai, zai zare ta ya bar sauran. Littafin da aka zare wa warƙar ƙarshe, inda marubuci kan sa sunansa da na malaminsa, ya zama maraya har abada. Duk wanda ya sayi warƙa ɗaya ya ba da kuɗin raba na gaba.

Sannan akwai doka. A Nijeriya, doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, har da rubuce-rubuce. Ta hana fitar da su waje ba da izini ba, ta kuma taƙaita cinikinsu ga waɗanda hukuma ta amince wa. Mai littattafan gado da ke tsoron gara ko rabon gado ya tarwatsa su, gara ya nemi shawarar wuraren da aikinsu ke nan: Gidan Arewa a Kaduna, Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, gidan tarihi na Jos, ko sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai ga mutanen Nijar.

To, alƙaluman Bature fa? Daga ina mai farawa zai kama?

Ka fara sanin jerin zuwansu. Na farko alƙalamin tsomawa ne, ɗan sanda da bakin ƙarfe da ake cirewa. Birnin Birmingham na Ingila ne ya cika duniya da waɗannan bakuna tun daga shekarun 1820, da masana'antu irin na Joseph Gillott da Josiah Mason. Su ne aka yi karatun boko na farko da su a nan, tun makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. In ka ga tsohon bencin makaranta da rami zagayayye a kusurwar dama, mazaunin 'yar kwalbar tawada ne. Bakunan suna da arha har yau, kuma 'yan akwatunan kwalin da suke zuwa a ciki sun fi su wuyar samu.

Sai mai shan tawada. Matsalarsa ta farko zuba ce: ko ya ƙi sakin tawada, ko ya amayar da ita gaba ɗaya a kan takarda. Lewis Waterman a New York ya sami rajistar dabararsa a 1884, wasu siraran tsagogi a ƙarƙashin baki da ke barin tawada ta sauko iska kuma ta hau. Walter Sheaffer ya kawo ɗan marfin gefe da ake ɗagawa a matse jakar roba, a 1908. Pelikan na Jamus ya fito da mai murɗawa daga gindi a 1929.

In shawarata za ka bi, nemi Parker 51. Ya fito a 1941, bakinsa a ɓoye cikin hula sai ɗan tsini ke leƙowa. Waɗanda aka yi daga 1948, masu 'yar jakar da ake matsawa ta cikin kwanson ƙarfe, jakarsu ba irin robar da ke ruɓewa ba ce, sau da yawa wanki kawai suke bukata su ci gaba da aiki. Na mahaifina irinsa ne, kuma da shi na rubuta daftarin wannan amsar.

Kada kuma ka raina Hero na Shanghai, wanda aka kwaikwayi siffar Parker 51 wajen yinsa. Dillalan waje ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Amma shi ne alƙalamin da ya ɓata aljihun farar rigar 'yan sakandare da malaman firamare a ƙasar nan, kuma tarin da ke son ba da labarinmu bai cika ba in babu shi.

Yaya zan gane shekarun alƙalami?

Sami madubin ƙara girma ka karanta jikinsa. Kamfani kan buga sunansa da ƙasar da aka yi shi a gangar jiki ko a gefen murfi. Yawancin Parker da na ci karo da su a nan na Ingila ne, daga masana'antarsu ta Newhaven. Na Amurka na shekarun 1940 suna da lamba ɗaya ƙarama mai nuna shekara, da ɗigo a gefenta: ɗigo uku farkon shekara, babu ɗigo ƙarshenta. Farin ɗigon Sheaffer bai fara ba sai 1924, don haka mai ɗigo bai girmi wannan shekarar ba.

Hanci ma na aiki. Mafiya tsufa da baƙar roba mai tauri aka yi su. Goga shi da babban yatsa har ya ɗan yi ɗumi ka sunsuna, za ka ji warin ƙibiritu, kamar na taya. Masu launuka masu walƙiya na shekarun 1920 da 1930 kuwa, in ka sunsuna cikin murfin, ƙamshin kafur za ka ji. Waɗannan suna kama wuta nan da nan, a nisanta su da ashana da fitilar ƙwai.

A baki, 14K ko 585 na nufin zinariya mai karat 14, 18K ko 750 mai karat 18. Duba ɗan ƙwallon da ke can tsinin. In ya guntule, alƙalamin zai riƙa kartar takarda, gyaransa kuma ba na kowa ba ne.

Wani ya kawo mini Montblanc da araha, ya ce na wani babban mutum ne.

Kullum na wani babban mutum ne. Babu alƙalamin da aka fi yi wa jabu kamar wannan. Na gaske kamfanin Hamburg ne, kuma 4810 da ke bakinsa tsayin dutsen Mont Blanc ne a mita. Samfurin 149, wanda ya fito a 1952, ta gindi ake murɗa shi ya sha tawada daga kwalba. In aka kwance maka shi ka ga gurbin sa 'yar robar tawada, an gama magana. In ka ga an rubuta Iridium Point Germany a bakin, shi ma an gama magana. Akwati mai kyau da takardar garanti ba hujja ba ne, su suka fi sauƙin bugawa. Araha dai ba ta ado.

Malam, babanmu ya rasu ya bar alƙalami, na zuba masa tawada ya ƙi rubutu. Ya lalace ke nan?

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Da wuya a ce ya lalace, Hajiya. Galibi tsohuwar tawada ce ta bushe ta toshe hanya. Ki sami ruwan sanyi mai tsabta a kofi, ki tsoma bakin kawai, iyakar inda yatsu ke riƙewa, ki bar shi ya kwana. Da safe za ki ga ruwan ya rine. Ki canza, ki riƙa sa shi yana sha yana fitarwa har ruwan ya fito fari. Ban da ruwan zafi, ban da sabulun wanki, ban da sifirit ko man cire jan farce, domin waɗannan narkar da jikin suke yi.

In mai ɗan marfin gefe ne kuma kika ji marfin ya ƙi ɗagawa, kada ki tilasta masa. Ki girgiza shi kusa da kunne. In kin ji ƙas-ƙas, jakar robar ce ta bushe ta farfashe, sai an sa sabuwa. Kada ki ba mai gyaran agogo ko mai gyaran waya ya murɗe shi da filaya, garin neman gira a rasa ido. Kada kuma ki jefa alƙalamin gaba ɗaya cikin ruwa. Baƙar roba takan koɗe ta koma ruwan ƙasa, kuma wasu na Ingila, irin wasu samfuran Conway Stewart, da wani abu da ake samu daga madara aka yi su, ruwa kumbura su yake yi. Na san wannan ne domin na taɓa kwanar da ɗaya a kofi, na wayi gari ya yi laushi ya lanƙwashe kamar dafaffiyar kuɓewa.

Wace tawada zan sa?

Wadda aka yi don irinsa, kamar Quink ta Parker, da ke kasuwa tun 1931, ko ta Pelikan. Shuɗiya ta fi sauƙin wankewa. Tawadar zane, tawadar hatimi, tawadar na'urar buga takardu da tawadar allo duk ba sa shiga. Masu ƙaro ko danƙo a ciki in suka bushe sun toshe shi ke nan.

Ina da mazubin tawada na ƙarfe ya yi baƙi. Da me zan goge shi ya yi ƙyalli?

Kafin ka goge, juya shi ka duba gindi. Azurfar Ingila tana da ƙananan tambura a jere: zaki mai tafiya na nufin azurfa ce kashi 925 cikin 1000, anka na nufin an tantance ta a Birmingham, kan damisa Landan, kambi Sheffield, sai harafi ɗaya mai nuna shekara. In ka ga EPNS, ruwan azurfa ne kawai aka yi wa wani ƙarfe. Shi wannan in ka dage da guga, sai ka cinye ruwan, rawayan ƙarfen ciki ya fito, ba kuma mai mayar da shi.

Toka, yashi, lemon tsami da soson ƙarfe na tukunya ne. Ƙyalle mai laushi ya isa. Duhun da tagulla ke yi da shekaru masu saye nemansa suke yi, kuma wajen da ya yi haske don yawan taɓawa yana nuna maka inda mai shi ke ɗora yatsa.

Akwai wani dogon gidan alƙalami na tagulla mai 'yar tukunyar tawada manne a gefe, irin wanda marubutan Daular Usmaniyya ke sokewa a ɗamara. Alhazai da masu zuwa Masar kan zo da shi. Mafi yawansu sababbi ne da ake ƙerawa don baƙi a kasuwanni irin Khan el-Khalili ta Alƙahira. Buɗe tukunyar ka leƙa. In ba ta taɓa ganin tawada ba, tsarabar tafiya ce, ka riƙe ta a haka.

Tafireta tana cikin lissafi?

Sosai, in kana da wuri, domin ba ta shiga aljihu. Remington ne ya fara sayar da ita a 1874. Waɗanda suka fi yawa a tsofaffin ofisoshinmu da teburan masu buga takardu a bakin kotu su ne Imperial ta Ingila, Olympia ta Jamus da Olivetti ta Italiya. Kowace tana da lamba a jikin ƙarfenta, da ita ake gano shekara. Jerin haruffa na gaya maka inda ta yi aiki: ta Nijeriya layin sama da QWERTY yake farawa, ta Nijar da AZERTY, irin na Faransa.

Abin da nake fara dubawa shi ne ko tana da ɓ, ɗ da ƙ. Haruffa masu lanƙwasa ba su zauna a rubutun boko ba sai a shekarun 1930.  Akawun da injinsa ba shi da su sai ya buga b, d, k, in yana da haƙuri ya bi su da alƙalami ya lanƙwasa. Injin da aka ƙera ko aka sauya wa haruffa don Hausa, in ka gan shi kada ka bari ya wuce. Wajen gyara kuma, kada ka tuttula mata mai. Mai da ƙurar hunturu in suka haɗu, laka suke zama, haruffa su maƙale.

Biro da fensir fa, ko sun yi ƙanƙanta?

László Bíró ɗan jarida ne a Hangari, ya yi rajistar alƙalaminsa a 1938, yaƙi ya kora shi Ajantina. Bic mai jiki garai-garai ya fito a Faransa a 1950. Ba su da tsada, tsohuwar tawadarsu kuma takan daskare.

Fensir ɗin da na fi so shi ne guntun nan na akwatin mahaifina. A bushe rubutunsa kamar na kowane fensir, amma in ya taɓa danshi sai ya koma shunayya ya ƙi goguwa. Da shi ake rubuta rasit da takardun da ba a so a sauya. Tsofaffin akawuna kan lasa tsininsa kafin su rubuta, har a ga harshensu ya rine. Rinin da ke ciki guba ne, don haka kada yaro ya sa shi a baki ko ya kai shi kusa da ido.

Zafi da ƙurarmu ba za su lalata su ba?

Za su lalata, in ka jera su a falo don baƙi su gani. Rana ce babbar abokiyar gaba, tana koɗar da roba tana fasa duma. Aljihun tebur mai duhu, a ɗakin da ba ya zafi sosai, shi ne wurinsu. Alƙalamin da ba ka rubutu da shi ka wanke ka ajiye shi babu tawada. Masu ƙamshin kafur kada a kulle su a leda, suna bukatar iska. Da damina ka riƙa duba gafaka da allo saboda gara da funfuna, ka ɗaga su daga ƙasa, kada su jingina da bango.

Abin danne takarda na gilashi, mai furanni a ciki, irin wanda masana'antun Baccarat, Saint-Louis da Clichy na Faransa suka shahara da shi tsakanin 1845 da 1860, kada a bar shi a bakin taga. Yana tara hasken rana wuri ɗaya kamar madubi, yana iya ƙona takardar da ke ƙarƙashinsa.

An ce wuƙar buɗe ambulan ɗin nan hauren giwa ce.

In haure ce, bar ta inda ka gan ta. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma ba ka da takardar da za ka nuna wa jami'in kwastan cewa taka ta girmi dokar. Da yawansu ma ƙashi ne ko roba. Ƙashi yana da ƙananan ɗigogi baƙaƙe a jikinsa.

A ina ake samun kayan, kuma akwai riba?

Mafi kyawun kasuwa ɗakin tsofaffin gidanku ne. Tambayi gwaggo da kawu ina akwatin Malam yake, ka kuma nemi izinin magada kafin ka ɗauki ko tsinke, domin kayan gado ne. Bayan nan sai gwanjon tsofaffin kayan ofis, 'yan gwangwan waɗanda ke sayen tafireta a kan nauyin ƙarfenta, da rumfunan kayan gargajiya irin na Kasuwar Kurmi a Kano. A irin rumfunan nan ka buɗe ido, akwai sabon da ake turara wa hayaƙi ya yi kamar tsoho. Tsohon allo na gaske za ka ga tsakiyarsa ta ɗan lotsa don yawan wanki, inuwar rubutun baya tana leƙowa ta ƙarƙashin na sama, mariƙinsa ya yi santsi. Na hayaƙi dattinsa ko'ina daidai yake, har inda hannu ba ya kaiwa.

Riba kuwa, wanda ke nemanta ya sayi buhun masara ya ajiye. 'Yan samfura kaɗan ne ke yin tsada a gwanjon Turai, masu saye a nan ba su da yawa, kuma tsaga ɗaya a murfi na zubar da rabin kuɗin alƙalami. Masu sayarwa ma sukan ce sunan da aka zana a jiki yana rage daraja. Ni irin waɗannan nake nema. Akwai wani Sheaffer a wurina da aka zana wa haruffa uku da shekarar 1962, na same shi cikin tarkacen wani ɗan gwangwan tare da makullai da murafen kwalba. Har yau duk dattijon da ya yi aikin gwamnati a wancan zamani in ya zo gidana sai na miƙa masa shi, ya sa tabarau ya jujjuya, ko zai tuna mai waɗannan haruffa.